Kamfanin Agola

Ranar da aka sanar cewa Dogo ne ya ci zaɓen gwamna, Yaya tana durƙushe a gaban gadon Inna, mahaifiyarsu ita da Dogo, tana yanke mata farce. Ihun titi ne ya fara isowa gare su, sannan matan maƙwabta suka yi ta shigowa ba ko sallamar kirki, wannan ta rungume Yaya, waccan ta kama hannun Inna tana girgizawa, ta manta cewa wannan hannun ba ya motsi. Inna ta buɗe bakinta da ya karkace tun da ɓarin jikinta ya shanye, ta yi wata doguwar magana wadda ba mai kama ko kalma ɗaya a cikinta. Matan suka juya ga Yaya, don kowa a layin ya san ita kaɗai ke jin maganar Inna.

"Cewa ta yi, ko yaron nan ya samu ya ci abinci yau?"

Aka kwashe da dariya, Inna ma ta yi tata da rabin fuska.

Ba a rana ɗaya Yaya ta koyi wannan yaren ba. Akwai sautin da ke nufin ruwa, akwai mai nufin a juya ni, akwai kuma wanda ba ya nufin komai sai dai a zo a zauna kusa. Shagon ɗinkinta a gaban gidan yake, ƙofarsa ta baya tana kallon ɗakin Inna, don haka ko keken na gudu kunnenta ɗaya yana ciki. Ita ke yi mata wanka, ita ke shafe mata baya da mai, ita ke juya ta kafin gefe ɗaya ya gaji da kwanciya. Sauran 'ya'yan sukan aiko da magani da gaisuwa.

Kafin a rantsar da shi, Dogo ya zo gidan da wata safiya. Bai zo da jiniya ba. Daga shi sai lauyansa, sai ƙanwarsa Auta da mijinta. Mijin Auta shi ne manajan kamfanin shimfiɗa tituna na Dogo, kuma ranar ya sha sabon ɗinki har da turare, Auta kuwa tana ta murmushi irin na wadda ta riga ta san labarin. Aka gaida Inna, aka koma ƙaramin falo aka zauna.

Lauya ya yi bayani a hankali. Ya ce dokar ƙasa ta hana duk wanda aka zaɓa a babban muƙami ya riƙe kamfanin da zai iya neman aikin gwamnati. Ba shi kaɗai ba, har matarsa da 'ya'yansa da 'yan'uwansa. Dalilin kuwa a fili yake: bai kamata hannun da ke ba da kwangila ya zama shi ne hannun da ke karɓa ba. Yaya ta gyaɗa kai, don ta sha jin Dogo da kansa yana yabon wannan doka a kan dandamali, har yana cewa a zamaninsa za a ƙara mata haƙora. Ta tambaya ko sayar da kamfanin za a yi ke nan. Dogo ya yi dariya, ya ce gumin mutum na shekara da shekaru ba a sayar da shi don kujerar da za a sauka daga kanta. Suna kawai za a canja.

Mijin Auta ya gyara zama. Amma Lauya bai dube shi ba. Ya ce sunan Auta da na Gwamna uba ɗaya ke rufe su, ko ɗan jaridan da ya fara aiki jiya zai haɗa su, kuma mijinta yana bin bayanta ne. Yaya kuwa sunan mahaifinta daban. Ya tsaya yana neman kalmar da ba za ta yi zafi ba, Auta ta taimake shi.

"Agola kake so ka ce."

Gaskiya ta faɗa. Da Yaya a baya Inna ta shigo gidan mahaifinsu Dogo, bayan rasuwar mijinta na fari. Nan ta tashi, ta goyi duk waɗanda aka haifa bayanta, amma duk lokacin da aka zo lissafin 'ya'yan gida, akan ɗan yi shiru kafin a ambace ta. Ranar rabon gadon mahaifinsu Dogo ma a tsakar gida ta zauna tana dafa wa baƙi shayi.

Dogo ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, yadda yake yi yana yaro. Ya ce ita ta goye shi, ita ta san kukansa, idan bai ba ta amanar kamfanin ba wa zai ba? Ba abin da za ta yi sai sa hannu lokaci-lokaci. Yaya ta dubi Auta, ta ga murmushin nan ya bushe a fuskarta, kuma a gaskiya wani abu mai daɗi ya ratsa zuciyarta. Yau dai an zo lissafi an fara da ita. Ta ce ta yarda.

Sai da ta sa hannu sannan sauran sharuɗɗan suka fito, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da murya mai taushi. Mai kamfani irin wannan ba za a gan ta tana taka keken ɗinki ba, don haka a rufe shago. Ba za ta zauna a wannan layin da kowa ya san tarihinta ba, kamfani yana da gida a sabuwar unguwa. Na ƙarshe shi ne wanda Lauya ya bar wa Dogo ya faɗa: uwar Gwamna ba za ta zauna gida ɗaya da 'yar kwangila ba. Za a mai da Inna gidan gwamnati, inda likitoci suke, na ɗan lokaci, kafin idon mutane ya kau.

Motar asibiti ce ta zo ɗaukar Inna. Yaya ta bi nas ɗin da aka turo har bakin mota tana yi mata bayani: idan ta ja sautin ta hanci ruwa take so, idan ta buga gado da hannun mai lafiya to a juya ta, abinci kuma ta gefen dama ake sa mata, don na hagu ba ya jin zafi, sai ta ƙone ba ta sani ba. Nas ɗin mace ce mai fara'a, tana ta cewa kada Hajiya ta damu, aikinsu ne. Aka rufe ƙofa. Inna tana ta magana a ciki, Yaya ta ji abin da take cewa, amma ba ta fassara wa kowa ba.

Sabon gidan ya fi ƙarfinta. Benaye, labule masu nauyi, kujerun da ko ledarsu ba a cire ba, da mai gadi wanda bai san ta ba sai da sunan Hajiya mai kamfani. Idan ta yi tari sai ta ji gidan ya amsa. Direban kamfani yakan kawo kayan abinci, yakan kuma kai ta ofishin Lauya idan akwai abin sa hannu. Ba ta taɓa ganin ko tayar katafila ɗaya daga cikin waɗanda aka ce nata ne ba. Hannunta da ya saba da almakashi da zare sai ya riƙa neman abin yi, har ta kama kanta tana warware kalmasar labule don ta sake ɗinkewa.

Labari kuwa bai tsaya ba. 'Yan'uwan da suka san zancen suka fara zuwa, kowa da buƙatarsa, wannan kuɗin makarantar yara, wancan jari. Idan ta ce ba ta da komai, sai su ɗaga kai su dubi fitilun falon. Wata ƙanwar mahaifinsu Dogo ta ce mata a fuska, ita dama ta san ba a ba agola dama, yanzu ga shi dukiyar ɗan'uwanta ta koma hannun bare, 'ya'yan gida suna kallo. Tsohuwar ƙawarta mai sayar da yadi ta kira ta tana tsokana, wai Hajiya mai katafila an daina gaisawa da talakawa. Yaya ta yi dariya ta ce ta zo ta ga katafilar da idonta. Ƙawar ba ta zo ba, kuma ba ta sake kira ba.

Duk suna ƙyashinta, ba wanda ya san ita ma ƙyashin ke cin ta. A gidan da ke kallon nata akwai wata mata da kan fito da tsohuwarta a keken guragu kowace safiya, ta ajiye ta inda rana ke sauka, ta zauna tana taje mata kai suna faɗan wasa. Yaya takan tsaya bayan labule tana kallonsu har ta ji haushin matar, matar da ba ta yi mata komai ba. Ta ga hoton matar Gwamna a jarida ta dafa kafaɗar Inna, an rubuta a ƙasa cewa ga surukar da ta zama 'ya. Ta daɗe tana duban hoton. Ɗankwalin da aka ɗaura wa Inna ya matse mata kunne, kuma an zaunar da ita ta jingina da gefen da bai kamata ba. Yaya ta ji ƙyashin matar Gwamna, ta ji na nas, ta ji har na mai sharar da ke shiga ɗakin da tsintsiya ta fito.

Da ta matsa, aka yarda ta je ganin Inna sau ɗaya, ta ƙofar baya, a cikin motar da ke kai kayan miya kicin. Ta sami Inna a wani ɗaki mai sanyi da faɗi, ga na'urori, ga talabijin a bango yana ta magana shi kaɗai. Gashinta ya cukurkuɗe. Nas ta ce tsohuwar ta cika rigima, abinci ma sai ta ga dama, yini take tana gunaguni ba a san me take so ba. Yaya ta sunkuya ta saurara. Inna cewa take bakinta ya ƙone ta ciki, kuma bayanta na ci mata wuta. Da Yaya ta juya ta, sai ga wani ɗan miki a ƙugunta, ja, kamar faɗin kwabo. Ta nemi ruwan ɗumi ta wanke, ta shafa mai, ta taje kan, ta ba ta abinci ta gefen dama a hankali har kwanon ya kusa ƙarewa. Inna ta riƙe bakin mayafinta da hannun mai lafiya ta ƙi saki.

Matar Gwamna ta leƙo, ta gaida Yaya da ladabi, ta ce wallahi suna iya ƙoƙarinsu, likitoci har sun yi yawa, magani daga waje ake kawo shi, tsufa ne kawai ba ya jin magani. Ta ƙara da cewa motar kayan miya fa ta kusa tashi. Sai da Yaya ta ɓamɓare yatsun Inna ɗaya bayan ɗaya sannan ta iya fita.

Ba a sake barinta ba. A makon ne gwamnati ta ba da aikin babban titin da ya ratsa jihar, kuma kamfanin da ya samu shi ne wanda ke ɗauke da sunanta. Lauya ya ce yanzu ido ya yi yawa, ko inuwarta bai kamata a gani kusa da gidan gwamnati ba. Ta kira Dogo, wayar ta yi ta shiga hannun mataimaka. Sau ɗaya ta dace da shi a ofishin Lauya, ya shigo a gurguje ta wata ƙofa. Ya yi ƙiba, ya kuma gaji. Ta ce masa Inna tana da miki a baya, a bar ta ta koma jinyarta, ko da a matsayin 'yar aiki ne, ba sai an ce ita wace ce ba.

Ya saurare ta, har idonsa ya yi ja. Sannan ya fara. Ya ce shi ba sata ya yi ba, kamfaninsa ya fi kowanne iya aiki, titin nan idan an gama shi talaka ne zai hau. Ya ce da ya bar wa wasu, rabin kwalta za su zuba su gudu. Ya ce duk waɗanda suka riga shi haka suka yi, nasu ma ya fi muni. Dokar kuwa ai bai karya ta ba, a duba a gani, ba inda sunansa ya fito. Ta ƙara haƙuri kaɗan, da an kammala wannan aikin komai zai daidaita. Ta ce to a cire sunanta, a sa na wani. Lauya ya karɓe zancen, ya ce canja suna a tsakiyar kwangila shi ne kiran 'yan jarida da hannu, kuma ta sani, duk wani bashi da haraji na kamfanin a wuyan mai sunan yake, fita ba ta da sauƙi kamar shiga. Dogo ya duba agogo, ya ce zai sa a canja wa Inna katifa.

Auta ta zo mata wata rana da hantsi. Ba ta zauna ba sai da ta zagaye gidan, tana taɓa labule, tana buɗe ɗakunan da ba kowa. Ta ce Allah mai iko, mijinta ke kwana a daji da leburori, rana ta mai da shi kamar gawayi, amma idan an buga a jarida sunan wata ake gani. Ta ce 'ya'yanta sun tambaye ta me ya sa Kawu ya fi son Yaya a kanta, ta rasa amsa. Yaya ba ta biye mata ba, ta tambaye ta jikin Inna. Auta ta ce da sauƙi, sai dai ɗakin ya fara wari, ita ba ta iya daɗewa a ciki, kuma yanzu duk abin da ya taso ita ake kira, kamar ita kaɗai aka haifa.

"Auta, mu yi musaya mana," in ji Yaya. "Ki ɗauki gidan da kamfanin da sunan, ki ba ni ɗakin nan mai wari."

Auta ta dube ta sama da ƙasa. "Ba'a kuma za ki yi min, Yaya? Don kin ga kin haye?"

Ta ɗauki jakarta ta fita. Ba ta yi niyyar tona asiri ba, amma abin da ke cin mutum a ciki yakan nemi hanya. A wurin gyaran gashi ta yi ta mita cewa wasu da ba a san asalinsu ba sun cinye guminsu, a wurin kuwa akwai kunnuwa. Ba a jima ba wata jarida ta yi tambaya a shafin farko: wace ce wannan tela da ta wayi gari da kamfanin tituna? 'Yan adawa suka ɗauka, majalisa ta kafa kwamiti, aka aiko wa Yaya da sammaci.

Nan da nan gidan ya haɗa kai, har da Auta, wadda ta tsorata da abin da bakinta ya jawo. Lauya ya yi ta zuwa yana koya wa Yaya amsa. Ya ce ba wanda ya ce ta yi ƙarya. Za a tambaye ta sunan mahaifinta, ta faɗa. Za a tambayi mijinta, ta ce ya rasu. Abin da aka tambaya kawai za ta amsa, kada ta ƙara ko wasali. Dogo ya kira ta da kansa, karo na farko tun da ya hau, ya ce idan aka wuce wannan, ya yi mata alkawari da bakinsa za ta ga Inna, ta zauna da ita yadda take so.

Yaya ta yi tunani mai tsawo. Ba ta son ta kayar da yaron da ta goya, ba ta kuma son ta rantse a kan ƙarya. A ƙarshe ta tsayar wa kanta iyaka ɗaya. Duk abin da aka koya mata za ta faɗa, amma idan aka tambaye ta wace ce ta haife ta, za ta faɗi sunan Inna, kome zai faru ya faru. Da ta yanke wannan sai ta ji sanyi a ranta, har ta soma fatan a tambaya.

Zauren kwamitin cike yake, ga kyamarori, ga fitilu masu zafi. Aka rantsar da ita. Shugaban kwamitin dattijo ne mai tabarau, yana bin dokar sashe-sashe kamar mai kiran sunayen 'yan aji. Sunan mahaifi? Ta faɗa. Ya duba na mahaifin Gwamna, ya ga ba su yi kama ba, ya gyaɗa kai. Ko mahaifinta da na Gwamna 'yan'uwa ne? A'a. Ko ta taɓa auren Gwamna ko wani ɗan'uwansa? A'a. Ko wani cikin 'ya'yanta yana auren ɗan gidan? Ba ta da 'ya'ya. Wata 'yar majalisa ta tambaye ta inda ta koyi shimfiɗa titi, wani daga baya ya ce ai duk awo ne da yanka, zauren ya ɗauki dariya, Lauya ya miƙe ya ce doka ba ta ce sai injiniya ne zai mallaki kamfani ba.

Yaya tana zaune, hannunta a kan cinya, tana jiran tambaya ɗaya. Ta riga ta jera amsar a bakinta. Aka bi uba, aka bi kakan uba, aka bi miji, aka bi abokan kasuwanci. Mutanen nan duk mata ne suka haife su, amma a cikinsu ba wanda ya tuna cewa mutum yana da uwa. Shugaban ya cire tabarau ya ce, ke nan dai babu abin da ya haɗa Hajiya da gidan Gwamna. Ba tambaya ya yi ba, rufe zance yake. Lauya ya ce babu, ranka ya daɗe. Kyamara ta juyo kanta. Ta buɗe baki, ta tuna alkawarin Dogo, ta tuna mikin nan, ta rufe. Ta sunkuyar da kai, kowa ya ɗauka amincewa ce.

Kwamiti ya wanke Gwamna. Da yamma kakakinsa ya fito ya ce wannan nasara ce ga gaskiya, kuma hujja ce cewa dokar tana aiki.

Washegari da safe Yaya ta haɗa man shafawa da mataji da sabon zane mai laushi a jaka, ta hau motar haya, ta sauka a babbar ƙofar gidan gwamnati. Ba ta bi ta baya ba, don an yi mata alkawari. Jami'in da ke ƙofar ya gane ta tun daga nesa, ya gaishe ta da girmamawa, ya ce ai jiya ya gan ta a talabijin. Sannan ya ce ta yi haƙuri, an ba su umarni tun daren jiya: 'yan kwangila ba sa shiga ɓangaren iyali, musamman ita, yanzu da duk ƙasa ta san fuskarta. Ta kira Dogo, ba a ɗauka ba. Ta kira Lauya, ya ce ta yi tunani da kanta, matar da aka shaida jiya a gaban duniya cewa ba ta da alaƙa da gidan, me za a ce ta zo yi yau? A bari ƙura ta lafa, wataƙila bayan zaɓe mai zuwa.

Ta koma gefen titi ƙarƙashin wata bishiya ta kira Auta. Auta tana cikin gidan, wurin Inna. Ta ce ai jiya tare suka kalla da Inna, ita ta ƙara sautin talabijin ɗin ma, ta ce mata, Inna ga 'yarki mai kamfani ana ta ɗaukarta hoto. Ta ce tun daga lokacin tsohuwar ba ta karɓi ko ruwa ba, sai wata magana ɗaya take ta maimaitawa, ta ishi kowa. Tunda Yaya ce mai jin yaren, bari ta kara mata wayar.

Yaya ta ji ƙarar gado, ta ji numfashin da ta sani. Ta ce, "Inna, ni ce. Ina bakin ƙofa."

Sannan muryar ta zo, a karkace, a hankali, kalma bayan kalma, kuma Yaya ba ta rasa ko ɗaya ba. Inna cewa ta yi a gaya wa matar nan ta tafi gidan ubanta, tunda ba abin da ya haɗa su.

"Me ta ce?" in ji Auta.

Yaya ta dafa bishiyar.

"Ta ce a juya ta. Ta ce a riƙa juya ta kafin gefe ya gaji, a wanke bayan da ruwan ɗumi, abinci kuma ta dama."

Auta ta ja tsaki mara ƙarfi, ta ce duk wannan surutun a kan juyi ne kawai, za ta gaya wa nas idan ta dawo.

Waɗanda suka rubuta dokar nan sun yi abin kirki, kuma sun yi nufin alheri. Sun hana shugaba ya ci da hannu biyu, sun lissafa matarsa da 'ya'yansa da duk mai ɗauke da sunan ubansa. Abin da ba su tambaya ba shi ne wane ne ke cin ribar a ƙarshe, ko da sunan wa aka rubuta. Muddin suna kawai ake dubawa, shugaban da ke son kujera ya kuma ƙi sakin kasuwa ba zai rasa wanda zai ara ba. A kowane gida akwai wanda ba a cika lissafawa ba, wanda zai ji daɗi don an tuna da shi, kuma shi ake aikawa ya tsaya a rana. Jama'a sun yi asarar gaskiyar kwangila, wannan kowa zai iya gani. Asarar da aka yi a cikin gida kuwa ba kwamitin da zai zauna a kanta.

Kafin Auta ta kashe wayar, ta ƙara magana ɗaya, da muryar wadda aka zalunta.

"Ke dai kin huta, Yaya. Kin samu duniya, an wanke ki a talabijin, mu an bar mu da jinya."

Yaya ta ce haka ne. Ta miƙa wa jami'in ƙofar jakar, ta roƙe shi ya sa a kai wa tsohuwar da ke ciki. Ya tambaya wa zai ce ta aiko. Ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce ya ce daga kamfani ne.